Mashayar Ship Inn ta Mousehole: gidan da ke riƙe da tarihin garin masunta

A can ƙurewar kudu maso yammacin Ingila, a yankin Cornwall, akwai wani ƙaramin garin masunta mai suna Mousehole, wanda ke da tazarar kimanin kilomita 4 kudu da Penzance. Gidajen garin na dutse ne, sun gangaro daga tudu har zuwa bakin ruwa, sun kewaye wata 'yar tashar jiragen kamun kifi da katangu biyu suka tsare daga haukan teku. A bakin wannan tasha, daidai inda mutum zai tsaya ya ga kwale-kwale sun kwanta a kan yashi idan ruwa ya janye, nan mashayar Ship Inn take. Kamfanin St Austell, wanda aka kafa a 1851 kuma yake da mashayu da masaukai masu yawa a wannan yanki, shi ne mai gidan. Ra'ayina a kanta shi ne, abincinta da masaukinta suna da kyau daidai gwargwado, amma abin da ya ɗaga darajarta a kan takwarorinta shi ne yadda ta zama ma'ajiyar abin da mutanen garin suke tunawa, na daɗi da na baƙin ciki. Wanda ya shige ta bai san wannan ba, ya ci abinci ne kawai ya fita.

Ya kamata in fara da abin da zai fi damun mai karatu Bahaushe, domin ba na son in yi masa rufa-rufa. Wannan gida gidan sayar da giya ne, kuma kanta ɗin da ake zuba ta shi ne abu na farko da ido zai faɗa a kai idan an shiga. Ni ba na sha, kuma ba shan ne ya kai ni ba. Sai dai a ƙauyukan Ingila aikin mashaya ya wuce sayar da abin sha: nan ake cin abinci, nan baƙo yake samun ɗakin kwana, nan ake haɗuwa bayan jana'iza ko ɗaurin aure, nan ake tara gudummawa idan wani abu ya samu ɗan gari. Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne majalisar ƙofar gida, inda labarin unguwa yake sauka kafin ya isa ko'ina, illa dai tasu tana da rufi da murhu da mai kula da ita. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zama a inda ake shan giya ba yana da hujjarsa, kuma zai iya ganin muhimmin abin da zan ambata nan gaba daga waje, ba tare da ya taka ƙofar ba. Wanda kuma ya shiga ya nemi shayi ko kofi ko lemo, babu mai yi masa kallon baƙon abu. Cornwall ƙasa ce da ɗariƙar Kiristanci ta Methodist ta yi ƙarfi tun zamanin wa'azin John Wesley, kuma a ƙarni na 19 masunta da mahaƙa ma'adinai da yawa sun yi alkawarin ƙaurace wa giya ɗungurungum, saboda haka mutumin da ba ya sha ba sabon abu ba ne a wannan gaɓa.

Ginin na dutsen yankin ne, mai kaurin bango, irin wanda aka yi domin ya jure iskar teku da gishirinta. A ciki rufin yana ƙasa-ƙasa, da azara baƙaƙe a sarari, daɓen kuma na dutse ne da katako da sawu ya cinye. Akwai murhu da ake hura wuta a lokacin sanyi, kuma a bango an rataye hotunan jirage da na mutanen gari da kayan aikin teku. Abin da ya burge ni shi ne ba a yi wa wurin ado irin na yaudarar baƙo ba. Mashayu da yawa a garuruwan bakin teku suna sayo tsofaffin komaye da fitilun jirgi su rataya don su yi kama da tsohon wuri, amma a nan hotunan da ke bango na mutanen da aka sani ne, waɗanda 'ya'yansu da jikokinsu suke zaune a garin ko a Newlyn da ke maƙwabtaka. Kujerun da ke kusa da taga su ne na neman, domin daga nan ana kallon tashar baki ɗayanta, da bakin mashigarta, da ɗan tsibirin St Clement da ke gaba kaɗan cikin ruwa. A saman bene akwai ɗakunan kwana, kuma wasunsu suna fuskantar wannan tasha.

Game da abinci, ba zan yi dogon bayani ba, domin irin na mashayun bakin teku ne: soyayyen kifi da dankalin turawa, kaguwa, miyar kifi, da nama ga wanda ba ya son kayan ruwa. Kifin da na ci sabo ne, an soya shi ya yi ƙayau a waje, cikinsa kuma fari fat yana rabuwa sala-sala, abin da ba zai ba da mamaki ba tunda Newlyn, ɗaya daga cikin manyan tashoshin kamun kifi na Ingila, tana nan kusa. Ma'aikatan sun karɓe ni da fara'a, sun kuma amsa tambayoyina ba tare da ƙosawa ba. Tambayoyin kuwa wajibi ne ga Musulmi, a nan da kowace mashaya ta Ingila. Al'adar masu girki ce a ƙasar su kwaɓa fulawar da ake tsoma kifi da giya kafin a soya, su dafa wasu kayan ruwa da ruwan inabi ko barasar tuffa, su kuma sa naman alade a cikin abincin da ba a zaci za a same shi ba. Sai mutum ya tambaya kafin ya yi oda, kuma gasasshen kifi ya fi sauƙin sha'ani. Haka nan mutanen yankin suna shiga irin waɗannan wurare da karnukansu, su kwantar da su a ƙarƙashin tebur, don haka mai kiyaye tufafinsa saboda salla ya zaɓi wurin zamansa da lura. Farashi kuwa na garin masu yawon buɗe ido ne, kamar yadda yake a duk bakin tekun Cornwall, ba na ƙauyen da ba a zuwa ba.

A jikin bangon gidan ta waje akwai wani allo da aka kafa domin tunawa da Charles Greenhaugh, wanda mutanen gari suke kira Charlie. Shi ne yake riƙe da wannan mashaya a 1981, kuma yana cikin ma'aikatan sa-kai na jirgin ceto na tashar Penlee. Duk wanda zai fahimci Ship Inn sai ya tsaya a gaban wannan allo, domin daga nan tarihinta na kusa ya faro. A Birtaniya, ceton waɗanda teku ya rutsa da su yana hannun wata ƙungiyar agaji ne mai suna RNLI, wadda aka kafa a 1824, kuma mafi yawan masu shiga jiragenta ba albashi suke karɓa ba. Masunta ne da makanikai da masu shago da malamai, waɗanda suke barin abin da suke yi su ruga bakin ruwa da zarar an yi kira. Jirgin ceton Penlee a lokacin sunansa Solomon Browne, na katako ne, tsawonsa kimanin mita 14, an ƙera shi a 1960, kuma ana ajiye shi a wani ɗaki da ke kan duwatsun Penlee, a kan hanyar da ta haɗa Mousehole da Newlyn, daga inda ake sako shi ya zame ta kan gangara ya faɗa ruwa.

Ranar Asabar 19 ga Disamba, 1981, wani sabon jirgin dakon kaya mai suna Union Star yana kan tafiyarsa ta farko, ya ɗauko takin zamani daga IJmuiden ta ƙasar Holan zai kai Arklow ta ƙasar Ayalan. Mutum 8 ne a cikinsa, har da kyaftin ɗin, Henry Morton, da matarsa da 'ya'yanta mata biyu. Yana kimanin kilomita 13 gabas da hasumiyar fitila ta Wolf Rock sai injinsa ya mutu, domin ruwan teku ya shiga cikin mansa. Wani jirgin janyo jirage mai suna Noord Holland ya yi tayin janyo shi bisa sharaɗin ladan ceto, amma da farko kyaftin bai amince ba, saboda sharaɗin yana iya jawo wa masu jirgin biyan kuɗi mai yawa. Kafin a daidaita, iska ta riga ta haukace. Ƙarfinta ya wuce kilomita 160 a cikin awa, raƙuman ruwa suna tashi har mita 18, kuma suna tura jirgin zuwa duwatsun gaɓa a yammacin Mousehole. An turo jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa daga sansanin Culdrose, wanda wani hafsan sojan ruwan Amurka, Russell Smith, yake tuƙawa, amma iskar ta hana a iya sauke igiya a ɗauko kowa.

Da aka yi kiran jirgin ceto, mutanen da suka fito sun fi adadin da ake bukata. Shugaban jirgin, Trevelyan Richards, shi ya zaɓi mutum 7 da za su bi shi: Stephen Madron, Nigel Brockman, John Blewett, Barrie Torrie, Kevin Smith, Gary Wallis, da Charlie Greenhaugh mai mashaya. Cikin waɗanda suka zo har da Neil Brockman, ɗan Nigel, yaro mai shekara 17, wanda ya riga ya shirya, amma Richards ya mayar da shi, domin bai yarda ya ɗauki mutum biyu daga gida ɗaya a irin wannan dare ba. Wannan hukunci kaɗai ya isa ya nuna cewa mutumin ya san abin da zai tarar. Da ƙarfe 8:12 na dare aka saki Solomon Browne cikin ruwa. Waɗanda suke sama a jirgi mai saukar ungulu sun ga yadda ya riƙa matsawa jikin Union Star sau da yawa, har raƙumin ruwa ya ɗaga shi ya ɗora a kan jirgin dakon kayan, ya sake zamowa ya faɗa ruwa, kuma duk da haka bai juya ba. Da misalin ƙarfe 9:20 suka sanar ta rediyo cewa sun ɗauko mutum huɗu. Maimakon su gudu da waɗanda suka samu, sai suka koma domin sauran. Daga nan ba a sake jin muryarsu ba. Mutum 16 ruwa ya ci a wannan dare, 8 na jirgin ceto da 8 na Union Star, kuma ba duka gawarwakin aka samu ba.

Russell Smith ya shaida daga baya cewa bai taɓa ganin jaruntaka irin wadda ya gani a daren ba. Ƙungiyar RNLI ta ba Trevelyan Richards lambar yabo ta zinariya bayan rasuwarsa, sauran bakwai kuma ta ba su ta tagulla. Jama'ar ƙasa sun tara gudummawar da ta haura fam miliyan 3 domin iyalan. Binciken da hukuma ta yi ya danganta asarar ga mutuwar injin da tsananin guguwar, bai ɗora wa mutum laifi ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da garin ya yi da kansa. Kafin a cika kwana guda, mutanen Mousehole sun riga sun fito sun ba da sunayensu har an samu adadin da zai cika sabon ayarin ceto. Neil Brockman, yaron da aka mayar gida, ya ci gaba da aikin har ya zama shugaban jirgin ceton Penlee. A 1983 aka kawo sabon jirgi mai suna Mabel Alice, wanda girmansa ya sa aka mayar da tashar zuwa Newlyn, tsohon ɗakin kuma aka bar shi yadda yake, aka yi ɗan lambun tunawa a gefensa.

A gari ƙarami kamar wannan, rasa maza takwas a dare ɗaya yana nufin babu layin da makoki bai shiga ba, kuma mashayar da mutane za su taru su yi wa juna jaje ita kanta ta rasa mai ita. Wannan ne ya sa nake ganin Ship Inn ta bambanta da mashayun da suke tallata tarihin 'yan fasa-ƙwauri da tatsuniyoyin fatalwa domin jan baƙi. Nata tarihin bai yi nisan da za a mayar da shi abin nishaɗi ba, domin waɗanda suka tsaya a bakin tasha a wannan dare suna jiran jirgin da bai dawo ba, da yawansu suna raye. Na lura cewa gidan bai mayar da wannan masifa haja ba. Allon yana nan, hotuna suna nan, akwatin gudummawar jirgin ceto yana nan, amma babu mai tare baƙo ya soma ba shi labari don ya burge shi. Shawarata ga mai ziyara ita ce ya karanta labarin tun kafin ya je, kada ya shiga yana tambayar dattawan da ya tarar ko sun san waɗanda suka mutu, domin mai yiwuwa wanda yake tambaya ɗan'uwan mamaci ne. Idan hira ta kawo zancen da kanta, sai ya saurara.

Akwai wata al'ada da ta ɗaure sunan Charlie Greenhaugh da garin har yau. Tun 1963 mutanen Mousehole suke ƙawata tasharsu da fitilun Kirsimeti, suna jera su a kan katangu da tudu, wasu ma a kan ruwa, kuma 'yan sa-kai ne suke wannan aiki. A 1981 Charlie ne ya kunna fitilun, kwana biyu kafin hatsarin. Bayan guguwar an bar su a kashe, amma da aka kwana uku sai matarsa ta nemi a gyara su a sake kunnawa. Mace ce da mijinta ya tafi bai dawo ba, ana tsakiyar zaman makoki, amma ta ga cewa bai kamata garin ya zauna cikin duhu ba, kuma mutane suka bi maganarta. Tun daga lokacin, duk ranar 19 ga Disamba ana rage fitilun daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, wato daidai lokacin da Solomon Browne yake fama da teku. Dubban mutane suna zuwa kallon waɗannan fitilu kowace shekara, kuma ina ganin wanda ya zo a wannan dare ya wajaba ya san dalilin duhun, ya kame bakinsa har awar ta wuce.

Kwana huɗu bayan haka, ranar 23 ga Disamba, gidan yana cika maƙil saboda wani biki na daban, wanda ake kira daren Tom Bawcock. Labarin da ake bayarwa shi ne, a wata shekara can da, guguwa ta hana masunta fita har yunwa ta kama gari, sai wani masunci mai suna Tom Bawcock ya yi ƙundunbala ya fita shi kaɗai, ya dawo da kifi iri bakwai wanda ya ishi kowa. Aka haɗa kifin aka gasa shi cikin kwaɓaɓɓiyar fulawa, aka bar kawunan suna leƙowa ta sama domin kowa ya tabbata akwai kifi a ciki. Wannan abinci, wanda suke kira stargazy, ana yin sa da kifi sadin da ƙwai da dankalin turawa, kuma a Ship Inn ake fito da shi a daren, wani ɗan gari ya yi shigar Tom Bawcock ya ɗauko shi a babban faranti, ana waƙa, yara kuma suna zagaya gari da fitilun takarda masu siffar kifi. Tatsuniya ce, kuma wanda ya fara rubuta bayanin bikin shi ne masanin harshe da al'adun Cornwall, Robert Morton Nance, a 1927. Ban ga aibi a kasancewarta tatsuniya ba, domin abin da take faɗa gaskiya ne game da garin: mutanen da abincinsu yake cikin ruwa sun san yunwar lokacin sanyi, sun kuma san darajar wanda ya fita domin wasu. Bayan 1981, babu yadda za a yi ɗan Mousehole ya ji labarin mutumin da ya fita cikin guguwa saboda jama'a bai tuna da takwas ɗin nan ba. Mai son ɗanɗana abincin ya tambayi abin da ke ciki, domin wasu masu girki suna ƙara masa naman alade.

Tarihin garin ya girmi mashayar nesa ba kusa ba. Har zuwa ƙarni na 16 Mousehole tana cikin manyan tashoshin wannan lungu na teku, kafin Penzance da Newlyn su sha gabanta. A watan Yulin 1595, lokacin yaƙin Ingila da Sifaniya, jiragen yaƙi huɗu ƙarƙashin Carlos de Amésquita suka sauke sojoji a wannan gaɓa, suka ƙone Mousehole da ƙauyen Paul da Newlyn da Penzance. Gida ɗaya ne ya tsira a Mousehole, na wani mai faɗa-a-ji Jenkyn Keigwin, wanda aka kashe yana kare shi. Wannan gida mai baranda a kan ginshiƙan dutse yana nan har yanzu, 'yan taku kaɗan daga Ship Inn, kuma shi ma ya taɓa zama mashaya mai suna Keigwin Arms kafin ya koma gidan zama. A saman tudu, a harabar cocin Paul, akwai dutsen tunawa da Dolly Pentreath, mai tallar kifi 'yar Mousehole da ta rasu a 1777, wadda ake yawan ambata a matsayin ta ƙarshe cikin waɗanda suka tashi da harshen Cornwall a bakinsu. Yarima Louis Lucien Bonaparte, mai sha'awar nazarin harsuna, yana cikin waɗanda suka kafa dutsen a 1860.

Abin da ya ciyar da garin shekaru aru-aru shi ne kifi sadin. Idan garkensa ya shigo kusa da gaɓa a ƙarshen lokacin zafi, maza su kamo, mata da yara su jera shi da gishiri a ɗakunan ƙasa, a matse mai, a cusa shi cikin ganguna a tura ƙasashen Bahar Rum, musamman Italiya, inda ake cinsa a lokacin azumin Kiristoci. Da kifin ya ja baya a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, sana'ar ta durƙushe, manyan jirage suka koma Newlyn. Yanzu tashar Mousehole ta ƙananan kwale-kwale ce, kuma idan sanyi ya shigo ana toshe bakinta da manya-manyan katakai domin kada raƙuman ruwa su shigo su farfasa abin da ke ciki. Wanda ya zauna a tagar Ship Inn a watan Disamba ya ga waɗannan katakai zai gane cewa tsoron teku a nan ba labarin da ba ne.

Damuwata game da makomar wannan gida ba daga masu gudanar da shi ta taso ba, daga abin da yake faruwa da garin ne. Kyan Mousehole ya jawo masu kuɗi daga wasu sassan Ingila sun sayi gidajen masunta, wasu sun mayar da su gidan hutu da suke zuwa 'yan makonni a shekara, wasu suna ba masu yawon buɗe ido haya. Farashin gida ya fi ƙarfin matasan da aka haifa a nan, sai su koma Penzance ko su bar yankin. A lokacin sanyi, mai yawo cikin lunguna da daddare zai ga tagogi da yawa babu haske. Mashaya kamar Ship Inn tana bukatar kuɗin baƙi domin ta rayu, wannan babu musu, amma abin da ya ba ta daraja 'yan gari ne suke riƙe da shi. Idan aka wayi gari babu wanda zai kalli hoton da ke bango ya ce wannan kawuna ne, to hoton ya zama ado kamar na ko'ina. A yadda na gan ta, har yanzu ba a kai nan ba. Da yamma, bayan masu yawon rana sun watse, ana ganin mutanen da suka san juna suna shigowa suna gaisawa da suna, kuma hirarsu ta yanayin iska ce da kamun kifi da shirin fitilu.

Saboda haka lokacin zuwa yana da muhimmanci. A watannin Yuli da Agusta garin yana cika, titunansa ƙunci gare su ƙwarai, wurin ajiye mota kaɗan ne, kuma samun tebur a bakin taga sai an yi sa'a. Daren 23 ga Disamba ma cunkoson yakan kai mutane su tsaya a waje cikin sanyi. Mai son ganin gidan a natse ya zo a watan Oktoba ko Nuwamba, ko bayan an shiga sabuwar shekara, ya zo da rana, lokacin da cin abinci ya fi shaye-shaye yawa, wanda kuma shi ne lokacin da ya fi dacewa da mai iyali. Daga Landan ana hawa jirgin ƙasa a tashar Paddington zuwa Penzance, inda layin dogo ya ƙare, tafiyar awa biyar da wani abu, daga nan kuma akwai bas da suke bi ta Newlyn zuwa Mousehole. Wanda yake da ƙarfin ƙafa, na fi ba shi shawarar ya taka daga Newlyn ta hanyar bakin teku, domin ita ce za ta bi da shi ta gaban tsohon ɗakin jirgin ceto na Penlee da lambun da aka rubuta sunayen mutum takwas ɗin. Ya sa rigar ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa, ya kuma duba lokacin bas na ƙarshe mai komawa Penzance idan ba a garin zai kwana ba.